Tawul Ɗinki Ba Turare Yake Nema Ba

 'Yata, saƙonki ya iso, na kuma ji abin da ke damunki. Kin wanke tawul ɗin mai gidanki, kin ɗauraye, kin shanya, har kin turara shi a kabbasa. Amma da ya kai shi fuska sai ya ɗan yamutsa hanci, bai ce komai ba. Na san shirun nan nasa ne ya fi ci miki rai. To kwantar da hankalinki. Ba ƙazanta ba ce, ba kuma son jiki ba ne. Na san gidan da kika fito, na san hannun da ya raine ki. Irin abubuwan nan ne da ba a koyarwa a makaranta, sai mace ta shiga ɗakinta take cin karo da su.

Ruwa ba ya tsami banza. Warin da kike ji, mai ne. Ya shige cikin zaren ya kwanta, wanki ya zo ya bi ta kansa ya wuce.

Tawul auduga ne, an kuma saƙa shi da 'yan madaukai birjik don ya sha ruwa. Yadda yake shan ruwa, haka yake shan mai. Sai dai ruwa yana bushewa ya kama gabansa, shi kuwa mai ba inda za shi. Yana nan, iska na bugunsa, zafi na gasa shi a hankali, har ya lalace. Masana sun ce iskar da muke shaƙa ce ke cin man tana farfasa shi, ɓurɓushin da ke tashi daga nan shi ne hanci ke kamawa. Abin da ke samun kuli-kulin da ya daɗe a leda ke nan. Man waken suya ya fi saurin lalacewa, man gyaɗa na biye da shi, manja da kitse sun fi su juriya. In an ƙara barinsa, sai ya tashi daga wari ya koma danƙo, ya manne wa zaren. Nan ne aiki ke yin wuya.

Za ki ce, to Gwaggo, me ya haɗa tawul ɗin wanka da kaskon suya? Gidan birni ne ya haɗa su. Dubi tsakar gidanku. Ga murhu, ga rijiya, ga igiyar shanya, duk taku biyu ne tsakaninsu. Haka galibin gidajen cikin badala suke, kakanni sun gina, 'ya'ya sun raba, jikoki sun ƙara ɗakuna. In ana tuyar ƙosai ko waina, abin da ke tashi daga kasko ba hayaƙi ba ne zalla. Da mai a cikinsa, siriri, ido ba ya ganinsa. Duk abin da ke rataye a igiya sai ya samu rabonsa. Ga kuma hannu. Mai girki tana sauri, tukunya na neman ƙonewa, abin da ya fi kusa da ita shi za ta goge hannu da shi. Yaro ya ci awara, ya ɗauraye yatsu da ruwa kawai, ya nufi tawul ɗin babansa. Amma babbar hanyar ita ce baho ɗaya. Ranar wanki a tattara tsumman kicin da tawul da komai a zuba wuri guda cikin ruwan sanyi. Man da ke jikin tsumma ɗaya sai ya saki kaɗan, ya zagaye kowa. A shiga da mai maiƙo ɗaya, a fito da goma.

Kuma ki tuna inda aka kawo ki. Kabara unguwar baƙi ce. Tun zamanin Malam Nasiru Kabara, wanda ya rasu a 1996, Allah Ya jiƙansa, har yau da Shehu Ƙaribullahi ke riƙe da Gidan Ƙadiriyya, ƙafa ba ta ɗaukewa a lungunan nan. In watan Rabi'us Sani ya kama, aka shiga shirin Maukibi, za ki ga jama'a daga garuruwa na nesa, har da na ƙetaren iyaka, kowane zaure da baƙinsa. Bandiri na tashi a waje, a cikin gida kasko ba ya sauka daga wuta. Ga azumi da ƙosansa na kowace yamma. Ga Babbar Salla da suyar nama, inda kitse ke shiga ko'ina. Matar Kabara ba ta rabuwa da mai. Abin da ya rage mata shi ne ta san yadda ake zama da shi.

Iyayenmu sun sani. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama sarauniyar kasuwa, har su Alhassan Ɗantata suka riƙa jera buhunanta ana yin dala. A cikin gidaje kuwa mata ne ke fama da ita. Su soya, su kai niƙa, su murza, su matse tunkuza har mai ya fito, su toya kuli-kuli a aika yara talla. Zanen aikin mace ɗaya a lokacin ya fi duk tsummokaran kicin ɗinki shan mai. Ba su da omo, ba su da injin wanki. Toka gare su, da kanwa, da sabulun salo, da ruwan zafi, da ranar Allah. Amma in sun yi kwalliya za su biki, ba mai jin warin mai a jikinsu.

Ba tsafi ba ne. Shi kansa sabulun salo daga ina ya fito? Ruwan toka ne aka tace, aka dafa shi da mai har suka zama abu ɗaya. Wato toka da kanwa suna da ƙarfin da ke kama mai, su sa ya yarda ya bi ruwa. Tokar nan ce dai marinan Ƙofar Mata ke zubawa a rijiyoyin rininsu tun zamanin da. Abin da ke cikin kanwa ɗan'uwan sinadarin da kamfanoni ke sa wa a garin omo ne don ya ƙara masa ƙarfi. Kin ga ashe ba mu yi nisa da tsofaffinmu ba, kwali ne kawai aka canza.

To ga yadda za ki yi. Ki bi ni a hankali, sannu ba ta hana zuwa.

Kada ki fara da jiƙawa. In man sabo ne, yanzu ya zuba, ki barbaɗa masa garin sitaci ko garin rogo, ki danna, ki ba shi ɗan lokaci ya tsotse, ki kakkaɓe. Sannan ki ɗiga sabulun ruwan nan na wanke-wanke a kan wurin tun yana bushe, ki murza da yatsa ya shiga. An yi shi ne don maiƙon kwano, ba ya kuma tambaya ko a kwano maiƙon yake ko a zare.

Sai ruwa. Nan ne yawancin 'yan mata ke yin asarar ƙarfinsu. Ruwan sanyi daskarar da mai yake yi, musamman kitsen layya da man shanu. Ki yi ta cuɗa har kafaɗa ta yi ciwo, man yana nan inda kika same shi. Zafi yake so, wajen maki 60 a ma'auni. Ba sai kin nemi ma'auni ba. Ki tafasa ruwa, ki zuba rabin bokiti, ki cika da na randa, kin kai wurin ke nan. Hannu ba zai jure ba, don haka ki ware tsohuwar muciya ta zama ta wanki.

Ki daka farar kanwa, cikin cokalin cin abinci biyu ya ishi bokiti. Ki fara narkar da ita a kofi, ki bari yashi ya kwanta, ki tsiyaye ruwan sama. Jar kanwa ki bar wa miya, tana iya rina miki farin kaya. Ki zuba ruwan kanwar da omo daidai misali, ki tsoma tawul ɗin, ki danna shi ya nutse, ki rufe. Ki tafi harkarki. Awa guda ya isa ga mai sauƙi, wanda ya daɗe kuwa ki bar shi ya kwana. In kin dawo kika ga ruwan ya yi kalar ƙasa, har da wani yauƙi a sama, kada ki tsorata. Abin da kike nema ya fita ke nan. Ki zubar, ki wanke da sabon ruwa mai ɗumi.

Tsumman kicin fari na auduga zalla, wannan dafa shi za ki yi. Minti goma zuwa sha biyar a ruwan kanwa yana tafasa. Amma kada ki yi a tukunyar alminiyam irin ta maƙera, kanwa tana cin ta, ta baƙanta ta, har ta ɓata miki kayan. Tsohuwar fanteka ta fi. Mai launi kuwa ki fara gwada gefensa, don wani rinin ba ya jure zafi. Akwai kuma tawul ɗin nan masu santsi da sheƙi da suka cika kasuwa, masu araha, waɗanda zarensu na roba ne. Su ba a dafa su. Sun kuma fi auduga riƙon mai nesa ba kusa ba. Ni dai ba na kai su kicin.

Ki kula da hannunki. Kanwa ba ta bambance man gyaɗa da maiƙon fatarki, duka take kwashewa. Ki sa safar roba, ko ki ɗaura leda. In kuma yarinyar gida ce ko almajirinku ke taya ki wanki, ki tanadar masa shi ma. Ɗan wani ne, uwarsa na can tana masa addu'a. Da hunturu hannun yaro na tsagewa har jini, bai kuwa iya faɗa miki ba.

Wata maganar ita ce irin ruwan da kike wankin da shi. Rijiyoyin birni da yawa suna da zartsi. Famfo kuwa kin san halinsa, yau ya zo, gobe sai a nemi 'yan garuwa. In kin sa sabulun sanda a ruwan zartsi, ba ya kumfa, sai wani farin dusa-dusa ya taso. Wannan abin komawa yake cikin zaren ya haɗu da man, tawul ya bushe ya yi tauri. Omo ya fi jure irin wannan ruwa, kanwa kuma tana tausasa shi. In damina ce, ki tari ruwan sama bayan zubar farko ta wanke kwanon rufi. Babu ruwan da ya kai shi daɗin wanki, kuma kyauta ne.

Na san ruwa da tsada, shi ya sa ake ƙwauron ɗauraya. Amma ɗauraya rabin wanki ce. Omon da ya kwaso man, in bai fita ba, to man ma bai fita ba. Gara ki rage yawan omo ki ƙara yawan ɗauraya. Yawan kumfa ba shi ne fita ba. Ki ɗauraye har ruwan ya fito garau, na ƙarshen ki ajiye ki yayyafa wa tsakar gida kafin shara, ba a yi asara ba. A ɗaurayar ƙarshe ki zuba rabin kofin khal, ko ki matse lemon tsami biyu ki tace. Tsamin zai kashe ragowar kanwa da sabulu, tawul ya yi laushi. Warin khal ɗin yana tafiya da bushewa.

Na ga 'yan zamani suna zuba kanwa da khal lokaci ɗaya, abin ya yi ta tafarfasa yana kumfa, su ce ga aiki yana ci. Babu aikin da ke ci. Junansu suke kashewa, a bar ki da ruwan gishiri. Kowa da lokacinsa, kanwa a farko, tsami a ƙarshe.

Yanzu ki buɗe kunne da kyau, wannan ta fi duk sauran. Kada ki kuskura ki haɗa Hypo ko Jik da khal, ko da lemon tsami, ko da ruwan wankin masai. Haɗin yana tayar da iska mai guba da ke ƙona ido da maƙogwaro da huhu. Banɗakunanmu ƙanana ne, wani ko taga babu. Mutum na iya faɗuwa kafin ya kai ƙofa. Kuma shi Hypo launi yake cirewa, yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya narkar da mai. Tawul zai yi fari fat, warin na nan, zaren kuma ya ci wuya. Garin neman gira kada a rasa ido. In jan manja ne ya dame ki, ki fitar da maiƙon tukuna, sauran jan ki bar wa rana, tana kodar da shi.

Rana kuwa Allah Ya ba mu ita a Kano har da ƙari. A watan Maris da Afrilu zafi kan kai maki 40. Ki baza tawul ɗin sosai, kada ki ninka shi biyu a igiya. In kuna da bene ko saman soro, can ya fi, nesa da hayaƙin kasko. In babu, sai dabara. Ki yi shanya da hantsi bayan an sauke tuyar safe, ki kwashe kafin a ɗora ta yamma. Wannan sai kin yi shawara da faccalarki, tunda igiyar ta kowa ce, murhun ma haka. Ki same ta da fara'a, ki ce Yaya, ga abin da na lura da shi. Za ki tarar ita ma abin ya daɗe yana damunta, ta rasa ta inda za ta fara ne.

In ya bushe ƙayau, ki sansana shi tun da ɗuminsa. Jiƙaƙƙen tawul yana yaudara, ƙanshin omo ke rufe komai. In kin ji saura, ki sake masa wani zagayen. Kada ki ce bari in goge shi ko zai tafi. Dutsen guga gasa man yake yi a cikin zaren, daga nan kuma fitarsa sai an sha wuya. Kada kuma ki ninke shi ki sa a sif tare da kayan fitarki, zai raba musu. Da damina, wajen Yuli da Agusta, akwai wani warin daban, bashin kayan da bai bushe da wuri ba. In ya haɗu da na mai, abin ba daɗi. A irin lokacin ki rage yawan abin da kike wankewa a rana, ki kunna masa fanka in an kawo wuta.

Sai maganar turare. Ba na hana ki. Mace ba ta cika ba sai da turaren wuta da humra, ni ma ina da kwalabena. Amma turare ado ne, bayan tsafta yake zuwa. Turaren wuta kansa da mai ake haɗa shi. In kin turara tawul mai maiƙo, mai kika ƙara a kan mai, zafin garwashi kuma ya daɗa dafa na ciki. Ƙanshin ya yi kwana ɗaya ya gudu, warin ya dawo ya fi na da. Haka ruwan ƙanshin nan na laushin kaya da ake sayarwa a jarka. Wani siririn maiƙo yake shafa wa zare don ya yi santsi. A riga ba laifi. A tawul kuwa hana shi shan ruwa yake yi, ya kuma rufe tsohon man a ƙarƙashinsa.

Akwai man da ba na girki ba, kada mu ɗora wa kicin laifin kowa. Da sanyi kowa na shafa basilin, ga man kaɗanya, ga man kitso. Duk a tawul suke ƙarewa. Shi basilin daga man fetur aka samo shi, ba ya lalacewa irin na gyaɗa, amma yana kama datti ya riƙe. Kanwa ba ta iya masa sosai, sai omo da ruwan zafi. Ki ware ɗan ƙaramin tawul na kai, ki huta.

In Allah Ya hore muku injin wanki, dokar ba ta canza ba. Ki jiƙa masu maiƙo a bokiti tukuna, kada ki cusa injin har wuya, kada kuma ki gama su da sauran kaya. Akwai abin da nake so ki sani ko da ba ki da injin busarwa. A jikin irin waɗannan injina masu ƙera su kan rubuta gargaɗi cewa kada a sa kayan da suka sha man girki. Dalili kuwa, man da ke lalacewa a zare zafi yake fitarwa. In aka tara irin tsummokaran a dunƙule da ɗuminsu, zafin ba shi da mafita, yana iya taruwa har wuta ta tashi ba tare da ashana ba. An sha ganin haka a gidajen wanki da ɗakunan girkin otal a ƙasashen Turai da Amurka. Mu nan gini ya jingina da gini, wani lungun ko kurar ruwa da ƙyar take shiga, balle motar kashe gobara. Don haka tsumman da ya jiƙe sharkaf da mai kada ki cusa shi a kwali ko bayan buhun gawayi. Ki tsoma shi a ruwa, ko ki baza shi a fili.

Rigakafi dai ya fi magani. Ki yanka tsohon zanen atamfa gida-gida ki rataye kusa da murhu, hannu ya riƙa samunsa kafin ya kai ga tawul. Kaskon suya ki fara share shi da dusa ko toka kafin tsumma ya taɓa shi. Takarda mai rubutu kada ki goge komai da ita, unguwar malamai kike, ba ki san abin da ke jikinta ba. Ragowar man suya kuma ba a tuttula shi a kwata. Daskarewa yake a hanya, ya kama shara, lambatu ya toshe, ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi ya dawo zauren maƙwabta. Ki juye shi a gwangwani, ya yi miki amfani wajen hura gawayi.

Wani tawul ɗin kuma ya riga ya gama aikinsa. In kin yi masa zagaye biyu ko uku, ya bushe kin ji yana danƙo a hannu, ruwa na gangarewa a kansa ba ya shiga, to man ya riga ya zama ɗaya da zaren. Kada ki ƙara ɓata omo da gawayi a kansa. Ki raba shi huɗu, ki kai wa tela ya kashe bakin, ya koma goge ƙasa da kujeru. Ki faɗa wa mai gidan cikin raha cewa tawul ɗinsa ya yi ritaya. In za shi Kantin Kwari ya sayo biyu, na auduga, masu launi daban da duk wani abin da ke kicin, yadda ko yaro ba zai ruɗe ba. Sabon ma ki wanke shi kafin a fara amfani da shi, don ana sa masa wani abu a masana'anta da ke hana shi shan ruwa da farko.

Ki gaida surukarki da kyau, ki ce ina nan tafe in an sha ruwa.